Katin da Babu Hatimi

Wata ranar Litinin a shekarar 1976, lokacin da arzikin mai ya sa kowane ma'aikaci a Kano ya gano cewa shi ma ya gaji yana buƙatar hutu, Aƙilu ya tura ƙofar wani ƙaramin ofishin shirya tafiye-tafiye a Nassarawa. Ma'aikacin gidan waya ne, aikinsa rarraba wasiƙu cikin akwatuna. An ba shi hutun wata guda karo na farko a rayuwarsa, shi kuwa bawan Allah bai san me ake yi da wata guda ba.

Budurwar da ke bayan tebur ta ɗago kai. Sunanta Sakinatu, an rubuta a ɗan katakon da ke gabanta. A bangon bayanta akwai babbar taswira da aka soke da allurai masu jan kai.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina za a je?"

"Abin da ya kawo ni ke nan, Malama. Ban sani ba."

Ta yi murmushi, ta ajiye biro. "Da sauƙi. Tambaya uku nake yi wa kowa. Sanyi kake so ko ɗumi? Mutane ko shiru? Kallo za ka je ko sayayya? Mai son sanyi da hawan dutse, Jos. Mai haƙurin zama ya jira giwa ta fito, Yankari. Mai son tsofaffin masallatai, Alƙahira. Mai son ya dawo da akwati huɗu makwabta su gani, Landan."

Aƙilu ya saurare ta har ta gama, amma rabin hankalinsa yana kan yadda take motsa yatsa a kan taswirar.

"To ke fa?" ya ce. "Ina kike so ki je?"

Sakinatu ta waiwaya ta dubi taswirar. Shekara biyu tana tura mutane Gabas da Yamma, ba wanda ya taɓa juyo mata da tambayar. Ita kanta ba ta taɓa wuce gadar Wudil ba. Fankar sama ta yi ta juyawa, takardun kan tebur suka ɗan ɗaga suka kwanta, sannan ta ce a hankali, "Inda ake jin sanyi, ina tsammani."

Aƙilu bai sayi tikiti ba ranar. Bai saya ba washegari. Hutun nasa kaf a kan kujerar baƙi ta ofishin nan ya ƙare, kuma da ya koma aiki kowa ya ce hutu ya karɓe shi.

Gidansu Sakinatu tsohon gidan Turawa ne a can ƙarshen layi, mai doguwar baranda da manyan maɗatai da suka rufe rana. Ko da azahar cikinsa duhu-duhu yake. Jemagu ne fal a bishiyoyin, suna rataye shiru duk yini, sai dab da magariba su tashi gaba ɗaya. Mutum uku ne a gidan in an cire direba: ita, da mahaifinta Alhaji Lawan, babban ma'aikacin gwamnati, sai Uwani, tsohuwar da ta rako mahaifiyarta tun ranar da aka kawo ta amarya, ita ce kuma ta goya Sakinatu.

Mahaifiyar, Hajiya Hajara, malamar makaranta ce, ta rasu shekara huɗu da suka wuce bayan doguwar jinya. Tun ranar sadakar arba'in Alhaji ya kulle ɗakinta ya sa mukullin a aljihu. Bai hana kowa ambatonta da baki ba, amma duk wanda ya kira sunanta sai ya ga Alhaji ya miƙe ya bar wajen, har kowa ya koyi yin shiru.

Alhaji yana da nasa zaɓin na mijin da zai ba 'yarsa, Hamisu, ɗan amininsa, ɗan kwangila mai farar Marsandi. Hamisu ba mugu ba ne, sai dai bai iya tambaya ba. "Bayan biki Landan za mu," ya gaya wa Sakinatu yana kaɗa mukullin mota. "Sati biyu. Na gama magana da otal." Duk da haka da Aƙilu ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, Alhaji ya dube shi daga hula zuwa keke, ya ce yana iya zuwa ranar Asabar bayan la'asar, a baranda, inda kowa zai gan su.

A barandar nan suka ƙirƙiro wasansu. Sakinatu takan taho da takardun talla masu hotuna daga ofis, su baza a kan tabarma, su yi ta musun inda za su je in Allah ya nuna musu aurensu, tunda yanzu yayi ne ango ya ɗauki amarya su yi tafiya. Uwani takan kawo musu zoɓo, ta ɗan tsaya tana leƙen hotunan, ta koma ciki.

"Ni ruwa nake so, Mai Taswirata," in ji Aƙilu. "In zauna bakin ruwa ba wanda zai miƙo min wasiƙa."

"Ni kuma dutse. In hau in ga abin da ke bayansa."

"Ki hau, ni ina ƙasa ina riƙe miki takalmi."

"Rago kawai, Mai Hatimi," ta ce tana dariya, ta tura masa hoton duwatsun Jos.

Ranar Litinin da ta dawo daga aiki, ta tsaya a teburin zaure inda direba yake ajiye wasiƙun da ya kwaso daga akwatin gidan waya. A tsakiyarsu akwai kati mai hoto. Duwatsun Jos ne. Ta juya bayansa tana murmushi, a zatonta tsokanar Aƙilu ce, sai murmushin ya ɗauke.

"Ummina, Jos ta dace da mai son sanyi da tafiya a ƙasa. Ki tafi da rigar sanyi. Ki hau dutse da safe kafin rana ta ɗaga. Mamanki."

Rubutun mahaifiyarta ne, mai kwanciya gefen dama. Kuma duk duniya ita kaɗai ke ce mata Ummina, don sunan kakarta ta ci. Ta kai katin kusa da hanci. Ƙamshin turaren Hajiya ne, wanda rabon da a ji shi a gidan tun da aka kulle ɗakin can. Tsigar jikinta ta tashi. Ta waiwaya ta dubi ƙofar ɗakin a ƙarshen doguwar hanyar, tana nan a rufe yadda take, ƙura a kan mariƙinta.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɓoye katin a ƙarƙashin kayanta, ta yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Asabar ta gaba suka yi hirar Yankari, Aƙilu yana cewa ga ruwan ɗumi nan dominsa, ga daji dominta. Litinin sai ga kati mai hoton giwaye.

"Ummina, Yankari sai mai haƙuri. Dabba ba ta fitowa don an matsu. Ki je da wanda zai iya zama shiru kusa da ke ba tare da ya gaji ba. Mamanki."

Wannan karon a ƙasan zauren ta zauna da katin a hannu. Gidan tsit, ba abin da ake ji sai agogon bango. Tsoro take ji, amma kewa ta fi tsoron yawa, don shekara huɗu ke nan ba wanda ya yi mata magana da wannan muryar.

Asabar ta uku da gangan ta bar takardun a ofis. Ta zo baranda hannu biyu, idonta ya faɗa.

"Lafiya, Sakinata?"

"Lafiya lau. Yau hira kawai za mu yi."

Suka yi hira. Can Aƙilu ya ce wani abokin aikinsa ya je Legas ya ga teku, ya ce ba ta da ɗaya gefen. Maganar ba ta wuce minti biyu ba, kuma ba kowa a barandar sai su.

Ranar Litinin Alhaji ya riga ta dawowa. Ta same shi tsaye a zaure, bai ko cire hula ba, kati a hannunsa. Hoton teku ne. Ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

"Ummina, teku ta dace da wanda ba ya tsoron abin da ba shi da iyaka. Ni ina tsoro, amma ina so in gani. Kada ki jira baɗi. Mamanki."

"Na nawa ke nan?" ya tambaya.

"Na uku, Baba."

Ya sa ta kawo sauran, ya jera su a tebur, ya sa tabarau. Ya daɗe yana dubawa. "Babu hatimi ko ɗaya," ya ce. "Wasiƙar da ta biyo hanya sai an buga mata hatimin garin da ta fito. Waɗannan da hannu aka sa su a akwatina. Wa yake tsayawa a bayan akwatunan nan kullum?"

"Baba, Aƙilu ba zai..."

"Ya taɓa ganin rubutunta?"

Ta taɓa nuna masa littafin darasin Hajiya, har ya ce rubutun ya fi na akawu kyau.

"Ya san sunan da take kiranki?"

Ta sunkuyar da kai. Ita ta gaya masa da bakinta.

Alhaji ya cire tabarau. Muryarsa ba ta ɗaga ba, hakan ya fi tsawa ban tsoro. "Yaron da zai ari hannun mamaci don ya sace zuciyar marainiya, ba zai ƙara taka min baranda ba. Na gama. Ranar Juma'a ta sama iyayen Hamisu za su zo, ki shirya amsar da za ki ba ni."

Asabar Aƙilu ya zo, direba ya tare shi a bakin ƙofa ya gaya masa saƙon Alhaji. Litinin ta zo, babu kati. Alhaji ya dubi teburin, ya dubi 'yarsa, ita ma ta gane abin da kallon yake nufi: an hana Aƙilu zuwa, katin ma ya daina zuwa. A ranar ce zuciyarta ta fara zargin Aƙilu da gaske, ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun rasuwar Hajiya.

Ranar Talata, cikin wasiƙun ofis, ta ga ambulan mai sunanta.

"Sakinata, an gaya min laifina, ban kuwa san shi ba. Ba zan rantse miki ba, don mai laifi ma yana rantsuwa. Abu ɗaya nake roƙo. Ki aiko min da kati ɗaya in gani da idona. Shekara shida ina taɓa takardun mutane, takarda tana faɗin inda ta kwana. In na kasa, ki bi maganar Baba, ba zan riƙe ki ba. Naki, Mai Hatimi."

Ta yi yini guda tana kai da kawowa. Daga ƙarshe ta sa katin Jos a ambulan, ta rubuta layi ɗaya: "Ga shi. In kai ne, Allah ya isa. In ba kai ba ne, ka yafe min."

Amsa ta zo ranar Laraba.

"Mai Taswirata, na yafe tun kafin ki roƙa. Ki duba kan sarkin da ke jiki, na zamanin sule da fam ne, an daina sayar da shi tun da naira ta zo. Tawadar ta tsufa, ba rubutun bana ba ne. Sannan ki duba gefen katin na ƙasa, akwai jan layi a lanƙwashe. Tsatsa ce. Katin nan ya yi shekaru a tsaye cikin gwangwani mai zagaye, tare da turare. Ina jin Hajiya ce ta rubuta da hannunta tana raye, Allah ya jiƙanta. Bai taɓa shiga gidan waya ba. Ki nemi gwangwanin a gidanku."

Sakinatu ta karanta sau biyu. Gwangwani mai zagaye guda ɗaya ta sani a gidan nan, na biskit, shuɗi, yana ƙarƙashin gadon Uwani, kuma an taɓa buge mata hannu a kansa.

Ta nemi izini ta koma gida da rana tsaka. Ta bi ta ƙarƙashin maɗatai zuwa ɗakunan baya, jemagu na rataye a samanta kamar baƙaƙen tsummoki. Uwani na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Tana ganin katin a hannun Sakinatu ta saki tiren.

"Inna, ina gwangwanin?"

Tsohuwar ta fashe da kuka. Ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ƙamshin Hajiya ya cika ɗakin.

"Amana ce, 'yar nan, wallahi amana ce. Da ciwo ya kwantar da ita, malaman makarantarsu duk wanda ya yi tafiya sai ta ce ya taho mata da kati. Ta yi ta rubutu a kan gado. Ta ce, Uwani, ranar da kika ga namiji ya zauna da ita yana tambayarta inda ita take so ta je, ki fara ba ta, ɗaya bayan ɗaya."

"To me ya hana ki miƙo min a hannu?"

"Haba! Ni da na goya ki, in tsaya gabanki in yi miki zancen miji? Da wane idon? Ga Alhaji ba a kiran sunanta. Na ce ai wasiƙa cikin 'yan'uwanta take zuwa, sai in bari direba ya ajiye in cusa a tsakiya. Ni ba karatun boko na yi ba, hoto nake dubawa, in ga wanda ya yi kama da naku. Da na ga wutar da na kunna, tsoro ya kama ni, na kasa magana. Kwana tara ke nan abinci ba ya wuce min."

Sakinatu ta rungume ta, suna kuka tare. Can ta ɗago.

"Inna, na teku fa? Ranar ban zo da hoto ba, kuma ba kya wajen."

Uwani ta goge ido da gefen zane. "Shi kam ban zaɓa ba. Da na ga ba hoto, na yi bisimilla na sa hannu, shi ya fito."

Suka dubi juna. Wata iska ta kaɗa labulen ƙofar ta sake shi.

Bayan la'asar suka sami Alhaji a falo. Uwani ta durƙusa daga nesa ta faɗi komai. Sakinatu ta ajiye gwangwanin a gabansa tare da wasiƙar Aƙilu. Ya karanta wasiƙar, ya ɗauki kati ya duba layin tsatsar, ya gwada shi da bakin gwangwanin. Sannan ya shiga fito da sauran ɗaya-ɗaya, Alƙahira, Obudu, Landan, duk Ummina, Ummina. Na ƙarshe hoton tashar jirgin ƙasa ta Kano ne, kuma ba sunan Sakinatu ne a jiki ba.

"Alhaji, shekara goma sha tara kana ce min baɗi za mu ɗauki hutu. Ban riƙe ka a zuciya ba, na san aiki ne. Na zaga garuruwan nan duka a kan gadona, ban ko gaji ba. Amma ita kada ka bari ta yi irin tafiyata. Wanda ya tambaye ta inda take so, ka ba shi. Hajara."

Alhaji ya ajiye katin a kan cinyarsa. Jemagu suka tashi a waje, inuwarsu na wucewa ta jikin taga. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba.

"Hajara," ya ce, a karo na farko cikin shekara huɗu. Sannan ya dubi 'yarsa. "Hamisu ya taɓa tambayarki?"

"A'a, Baba."

"Ni ma ban taɓa tambayarta ba." Ya numfasa. "Ki ce wa yaron nan ya zo gobe. Ba baranda ba, nan falo. Ni zan fara ba shi haƙuri. Mahaifin Hamisu kuma ni zan je in same shi da kaina."

Washegari Aƙilu ya zo ya durƙusa, Alhaji ya kama hannunsa ya ɗaga shi. "Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ka yafe min. Ka turo magabatanka."

Da suka fito baranda, Sakinatu ta kasa haɗa ido da shi.

"Na ce maka Allah ya isa," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin ce in ni ne. Ba ni ba ne, saboda haka ta wuce ta kaina. Yanzu sai ki faɗa min, Mai Taswirata, ina za a je?"

"Jos, sati ɗaya, in hau dutsena. A hanyar dawowa mu tsaya Tiga, ka zauna bakin ruwanka, ni in riƙe maka takalmi."

An ɗaura aure bayan wata biyu a ƙofar gidan, ƙarƙashin maɗatai. Uwani ce ta riƙe hannun amarya har mota, tana kuka tana guɗa lokaci guda. Alhaji ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Abin da kuka yi niyya ku yi shi bana."

Kwana biyar da tafiyarsu, direba ya ajiye wasiƙu a teburin zaure. A tsakiya akwai kati mai hoton duwatsu. Gaban Alhaji ya faɗi kafin ya juya shi.

"Baba, na hau da safe kafin rana ta ɗaga. Akwai sanyi yadda ta faɗa. Na yi mata addu'a a can sama. Mun gano wajen da ya dace da kai, za mu gaya maka in mun dawo. 'Yarka, Sakinatu."

A kan sabon kan sarkin akwai baƙin hatimi mai zagaye, JOS, da kwanan wata. Alhaji ya shafa shi da babban yatsa, tawadar ta ɗan kama masa fata. Ya sa hannu a aljihu ya fito da mukulli, ya bi doguwar hanyar har ƙarshe, ya buɗe ɗakin, ya tura tagoginsa duka biyu.

"Uwani," ya kira, "zo ki share nan. Ki kuma nemo min tsohon akwatin tafiyar nan, gobe zan rubuta takardar neman hutu."

Daga can bayan gida tsohuwar ta amsa, "Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Hajara, ya albarkaci zuriyarta."